Mai Mita, Gatan Mai Neman Ɗaki

Ƙarfe bakwai da rabi na safe, kafin a buɗe ofishin hukumar ruwa, Mai Mita ya riga ya jingine kekensa a jikin katanga, yana zaune a bencin mai gadi yana feƙe fensir da reza. Littafin aiki na cikin leda saboda ruwan sama, ƙaramar tocila na aljihun gaba, sai wani guntun ƙarfe mai lanƙwasa da yake ɗaga murfin ramin mita da shi. Da an miƙo masa takardar unguwannin ranar sai ya hau keke. Gida-gida yake bi. Ya yi sallama, ya durƙusa, ya goge gilashin mita da hannun riga, ya rubuta lamba, ya miƙe yana dafe da ƙugu. Shekara talatin da ɗaya yana wannan, har mutanen gari suka manta sunansa na gaskiya. A ƙarshen watan jiya ya ajiye aiki.

Wancan shi ne aikin da ake biyansa. Akwai wani kuma da ba wanda ya ɗauke shi, ba wanda ya taɓa ba shi ko sisi a kansa, kuma saboda shi ake wannan rubutu.

Garin nan ƙarami ne, amma ɗaki ya fi ƙarfin talaka. Tun da aka buɗe kwaleji, masu gidaje suka shiga fasa ɗakunan bakin titi suna mayar da su shaguna, sauran kuma a ce sai kuɗin shekara biyu a dunƙule. Dillali kuwa kafin ya nuna maka ƙofa ma sai ka ba shi na ganin ɗaki. Shi Mai Mita ba gidan da bai san cikinsa ba. Idan ya ga ruwan wani gida ya ragu, ya san wani ya tashi, sai ya tambaya cikin raha, "Ina masu ɗakin baya, na ji shiru?" Idan aka ce sun tashi, sai ya riƙe a ransa, don kullum akwai wanda ya tare shi a hanya yana neman inda zai sa iyalinsa.

Taimakon da mutane suka fi tunawa shi ne na Maman 'Yan Biyu, mai shara a asibiti. Mijinta direban babbar mota ne, ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwantar da shi. Gidan da suke haya aka sayar, sabon mai shi ya ba su wata guda su kwashe kayansu. Sati uku tana yawo bayan ta tashi aiki. Inda kuɗin ya yi daidai da ƙarfinta, ɗakin a saman bene yake, mijinta kuwa ko dokin ƙofa ba ya iya tsallakewa sai an riƙe shi. Inda yake ƙasa, da an ji 'ya'ya huɗu da majinyaci sai a ce an riga an bayar.

Mai Mita ya same ta a tsakar gida tana ɗaure tukwane a zani, idanunta sun yi ja.

"Ƙanwata, tafiya za a yi ba sallama?"

"Baba, ina za ni? Ɗaurewa kawai nake yi, kada ranar ta zo a watsa mana su a titi."

Ya leƙa ɗaki ya gaida direba, wanda ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana ƙoƙarin magana, bakin ya ƙi. Mai Mita ya fito ya daɗe a tsaye bai buɗe ramin mita ba.

"Ki ba ni kwana uku," ya ce. "Ban yi miki alkawari ba, amma ki ba ni kwana uku."

Akwai wata tsohuwa a bayan tashar mota da kowa ke kira Inna, mai gida mai ɗakuna biyu a kulle tun shekara huɗu. 'Yan hayanta na ƙarshe sun fasa mata ƙyaure, sun zage ta a gaban jikokinta, ta yi rantsuwa ta gama da haya. Dillalai sun yi ta zarya har suka gaji. Washegari Mai Mita ya je, ya karanta mita, ya nemi wuri ya zauna a kan turmi.

"Ɗan nan, yau kuma ruwan nawa ne ya yi nauyi ka kasa tashi?"

"Inna, roƙo na zo."

"In na ɗaki ne, tashi ka kama hanya."

Bai tashi ba. Ya ba ta labarin direba tun daga farko, bai ƙara ba bai rage ba, har yawan yaran da ƙarancin albashin matar bai ɓoye ba. Inna ta ce rufin ɗakunan yana yoyo. Ya ce zai gyara. Ta ce yara za su hana ta barcin rana. Ya ce wannan kam ba zai yi mata ƙarya ba, za su hana ta. Dariya ta ƙwace mata, ta yi sauri ta ɗaure fuska.

"In suka yi mini irin ta waɗancan fa?"

"Ni za ki kama, Inna. Kin san ofishinmu, kin san gidana."

Sai da ya koma sau uku. A na ukun ta jefo masa makulli a ƙasa ba tare da ta dube shi ba, ta ce wata-wata za a riƙa biya, kuma kada a kawo mata kaji. Ranar Asabar maƙwabta suka ga mutum mai shekara hamsin da ɗoriya a saman kwano da guduma a hannu, yana toshe huda da kwalta. Ya sauko ya kwaɓa siminti ya yi ɗan gangare a bakin ƙofa don a riƙa turo keken majinyaci. Saura kwana biyu wa'adi ya cika aka kwaso kaya a amalanke. Yau shekara tara ke nan suna gidan. Direba ya rasu a ɗakin nan cikin mutuncinsa, 'yan biyun kuma su ke kai Inna asibiti, tana masifa tana cewa sun cika mata gida da surutu.

Kai ne ka yi wannan, Mai Mita, kuma ba sau ɗaya ba. Kai ne ka samo wa makahon nan mai saƙa kujeru ɗaki kusa da famfo. Kai ne ka raba wani babban falo da katako, iyalai biyu suka samu wurin kwana. An taɓa kawo maka goron godiya a ambulan, ka mayar, ka ce a saya wa ɗakin kwan fitila.

Ba kullum abin ke daɗi ba. Ya taɓa tsaya wa wani mai fenti, mutumin ya gudu da tagogin mai gida. Mai Mita bai yi gardama ba, ya nemo kafinta aka sa wasu, wata biyu gidansa ba a ga nama ba. Matarsa ta ce, "Malam, mutane na auren mai albashi, ni na auri mai tsaya wa ɓarayin taga." Ta faɗa tana dariya, amma ranar da wata mata ta zo neman ɗaki ba ya nan, ita ta zaunar da ita ta rubuta masa saƙon.

Dillalai ma ba su ƙyale shi ba. Suka kai ƙara ofis cewa yana dillanci da lokacin gwamnati. Shugaban sashe ya kira shi, takardar gargaɗi na kan tebur, saura shekara uku ya yi ritaya.

"An ce ka buɗe kasuwa da kekenmu."

"Yallaɓai, a duba littafina. In akwai gidan da na tsallake, ko mutum ɗaya da ya ce na karɓi kuɗinsa, in sa hannu yanzu."

Aka duba, ba a samu ba. Shugaban ya mayar da takardar cikin durowa, ya sassauta murya ya ce masinjan ofis an ba shi wa'adin tashi daga gidan haya, ko akwai wani ɗaki da ya sani?

Ranar da aka yi masa walimar sallama, kujeru ashirin aka jera a harabar ofis. Mutanen da suka zo sun haura ɗari, yawancinsu ba ma'aikata ba ne. Masu wanki da guga, masu gadi, masu tura amalanke, mata da goyo. Maman 'Yan Biyu ta karɓi lasifika za ta yi magana, kuka ya hana ta, sai ta ce kawai, "Baba, mun kwana a inuwa." Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana murza hularsa kamar wanda aka kama da laifi.

Abin da da yawa ba su sani ba sai ranar, shi ma har yau a gidan haya yake, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida, a nan ya tarbiyyantar da 'ya'ya biyar.

Mun gode, Mai Mita. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka lafiyar gwiwoyin nan da suka sha durƙuso, ya ba ka gida naka na kanka tun kana da ƙarfin shiga da ƙafarka. Mu kuma da muka rage, kowannenmu ya san wani ɗaki a kulle, ya kuma san wani iyali da aka ba wa'adi. Ba sai mun yi arziki ba. Mu je mu yi sallama, mu zauna, mu roƙa. In an ce a'a, mu sake komawa.