Unguwar da Za Ta Tare Baba

Da aka yi mini canjin wurin aiki daga Funtuwa zuwa Katsina, kowa a gidanmu yana da abin da yake so a samu a sabuwar unguwa. Matata ruwa take so, ta ce ta gaji da jiran 'yan garuwa. Yaranmu biyu filin ƙwallo kawai suka sani. Tawa buƙatar ban san yadda ake faɗa wa dillali ita ba. Ina neman unguwar da za ta tare mahaifina idan ya fita.

Baba maɗinki ne, a kan keken ɗinki ya ƙare ƙuruciyarsa. Gigin tsufa ya kama shi bayan rasuwar mahaifiyarmu. Bai hana shi cin abinci ba, bai hana shi salla ba, sai dai wata rana ya yi azahar sau biyu. Abin da ya sa masa shi ne fita. Da hantsi ya ɗaga sai ya rataya tef ɗin awonsa a wuya, ya zura takalmi, ya ce ya tafi shago. Shagon kuwa an rushe shi tun kafin in yi aure. A Funtuwa abin bai taɓa tayar mana da hankali ba, domin mai shayi ya san shi, mai faci ya san shi, dattawan layinmu da yawa shi ya ɗinka musu rigar angonci. Duk inda ya kai, wani zai ce masa yau ba a buɗe kasuwa ba, ya juyo da shi gida. Sau ɗaya muka gwada kulle ƙofa. Ya zauna a bayanta yana kuka, ban sake ba.

Haya a Katsina ta yi tsadar da ban zata ba. Mutane sun yi ta kwararowa daga ƙauyuka, masu gidaje kuma sun lura. Dillalin da aka haɗa ni da shi wayarsa biyu, amsarsa ɗaya: ba matsala. Akwai ruwa? Ba matsala. Rufin yana yoyo? Ba matsala. Bayan mako uku ina bin sa, gida biyu ne kawai aljihuna zai iya ɗauka. Ɗaya a sabuwar unguwa can bayan Ƙofar Sauri, da tayil da rijiyar burtsatse da makaranta kusa. Matata ta ga hotonsa a waya ta fara lissafin labule. Ɗayan tsohon gida ne mai zaure a wajen Ƙofar Guga, cikin lungun da mota ba ta shiga, ga kwata a bakin ƙofa.

Na lura dillalin ba ya kai ni ganin gida sai bayan la'asar, lokacin da kowace unguwa take cike da mutane. Baba kuwa ba da la'asar yake fita ba. Don haka na ɗauki hutun kwana biyu, na ɗauko shi daga Funtuwa, muka sauka gidan wani abokin aikina. Washegari da hantsi na sa shi a mota. Ban faɗa wa kowa abin da na shirya ba, don na san ba mai yabawa.

A sabuwar unguwar na fara. Na sauke shi a ƙofar gidan, na ce, "Baba, ga hanyar shago nan." Ya gyara tef ɗinsa ya kama hanya, ni kuma na bi shi daga nesa. Na ji kunyar abin da nake yi, har yau ina jin ta. Layin shimfiɗe yake, katangu dogaye da waya a samansu, kowane gida da ƙaton get a rufe. Wani maigadi yana sauraren rediyo ya ɗaga kai ya dube shi, ya mayar da kansa. Wata mota ta fito, ta yi masa hon, ta kauce ta wuce. Babu wanda ya yi masa laifi, kowa harkarsa yake yi. Haka ya tafi har ƙarshen layin, inda ya haɗu da babban titin da tireloli suke bi. Ya sa ƙafa ɗaya a kan kwalta. Na sheƙa da gudu na riƙo hannun rigarsa.

"Kai kuma daga ina?" in ji shi. "Ba ka tafi makaranta ba?"

Daga nan muka nufi Ƙofar Guga. Na ajiye mota a bakin titi, na kai shi ƙofar tsohon gidan, na sake nuna masa hanya. Bai yi nisa ba ya iso wani dakali a ƙarƙashin bishiyar bedi, inda dattawa uku suke zaune. Ɗaya mai wankin hula ne, ya jera hulunan a kan gungume suna shan rana. Shi ne ya miƙe.

"Salamu alaikum, dattijo. An tashi lahiya? Ya gida, ya iyali? Halan baƙo ne? Ina za a haka?"

"Shago."

"Wane shago?"

"Nawa mana."

Daga inda na raɓe na ga mutumin ya dubi tef ɗin, ya dubi takalman Baba, waɗanda sai a lokacin na ga ashe ya sa na dama a hagu.

"To, zamna ka sha ruwa tukuna, Malam. Shago ba ya gudu."

Baba ya zauna. Aka kawo ruwa a kofin silba. Kafin a jima ya miƙe yana auna kafaɗar mai ƙibar cikinsu, yana masa faɗa a kan wanda ya ɓata masa wuyan riga. Na ga abin da na zo gani. Na fito ina murmushi, na yi sallama, muka gaisa, na ce mahaifina ne, na zo in tafi da shi.

Mai wankin hula bai saki fuska ba. Ya juya wajen Baba. "Malam, ka san wannan?"

Baba ya dube ni a tsanake, yadda yake duba yadi kafin ya sa almakashi.

"Ban san shi ba," in ji shi.

Ya sha kiran sunan ƙaninsa da ya rasu idan zai kira ni, ya sha ɗauka har yanzu ɗan makaranta ne ni. Amma wannan kalmar ranar na fara jin ta daga bakinsa. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma ban samu sararin jin ciwon ba.

"To, ka ji dai," in ji mai wankin hula. "Ba inda za ka tahi da shi."

Na fiddo katin wurin aikina. Ya ce katin nawa ne, ba na dattijon ba. Na nuna hotonmu na Salla a waya. Mai ƙibar ya ce yanzu kowa yana iya ɗaukar hoto da kowa. Raina ya ɓaci, na ɗaga murya, abin da ya ƙara lalata lamarin. Mutane suka fara taruwa, wani ya ce a kira mai unguwa. Can na tuna tun a Funtuwa na rubuta lambar wayata da biro a bayan tef ɗin. Na ce su duba. Suka karɓa daga wuyansa da lallashi, suka buga, wayar ta yi ƙara a aljihuna.

Sai suka tambayi yadda aka yi tsoho ya kuɓuce mini. Da na so da na yi ƙarya, amma na faɗi gaskiya.

"Kai ka saki ubanka bisa hanya don ka gwada mu?" in ji mai wankin hula. "Mi ka ɗauke mu? To, Allah shi shirya ka."

Na ba su haƙuri, na kama hannun Baba muka koma mota.

Da na koma Funtuwa na faɗa wa matata tsohon gidan na zaɓa, ta jero mini ruwa da kwata da nisan makaranta da inda za a riƙa ajiye mota. Duk gaskiya ta faɗa. Na ba ta labarin babban titin da ƙafar Baba a kan kwalta. Bayan kwana biyu ta ce in sayo manyan durom guda biyu kafin mu tare. Har yau 'yan garuwa muke jira, kuma takan tuna mini idan sun makara.

Yanzu Baba yana fita da hantsi kamar kullum, tafiyar tasa a dakalin nan take ƙarewa. Yana da wurinsa a kan tabarma. Babu wanda bai auna ba a lungun, wasu ma sau da yawa. Idan na taso daga aiki nakan biya in ɗauke shi. Ranakun da yake gane ni sun ragu sosai. Yawanci idan na miƙa masa hannu sai ya janye nasa, ya dubi mai wankin hula.

"Mu mun san shi, Malam," in ji shi. "Bi shi, ɗanka ne."

Sai Baba ya naɗe tef ɗinsa, ya biyo ni.