Takobin da Ya Ƙi Fita

Jiya maƙwabciyata ta narka kakin zuma za ta haɗa man kitso, ƙamshin ya tsallako katanga ya same ni a kan tabarma. Ban san lokacin da na yi dariya ni kaɗai ba, domin ya mayar da ni gidanmu na Karare, zamanin da Turawa ke riƙe da ƙasa.

Kakana yana da takobi da ya gada daga mahaifinsa. Bai taɓa saran ko kara da shi ba, shi manomi ne, gero da gyaɗa ya sani. Amma duk shekara, da zarar hadari ya fara haɗuwa a gabas, sai ya sauko da shi daga jikin bango, tare da kan mashi guda biyu da wata tsohuwar likkafa. Masu amya daga wajen Babban Duhu suke kawo masa kaki. Kakata ta narka a kasko, shi kuma ya goge ƙarfen da toka da tsumma, ya ɗan shanya shi a rana ya yi ɗumi, sannan ya shafa kakin siriri, ya murza har ka ga fuskarka a ciki. Yakan ce damina ba ruwan sama kaɗai take kawowa ba, har da tsatsa, kuma ita ba ta sallama.

Yana da aboki tun na ƙuruciya, shi ma da nasa takobin, wanda yake shafa wa man shanu. Shekara da shekaru suna gardama a gindin bedi kan wanda ya fi iya adana ƙarfe. Kakana ya ce na abokin warin kindirmo yake, abokin ya ce na kakana ƙudan zuma za su biyo wata rana.

A shekarar da nake ba ku labari, hannun kakana ya fara rawa, sai ya danƙa mini aikin. Ina 'yar shekara tara, kaina ya yi girma. Na goge, na shafa, na murza. Da na ga sauran kaki a kasko, sai na ce a raina idan kaɗan yana hana tsatsa, ai mai yawa ya fi. Na tuttule shi cikin kuben, na zura takobin, na rataye abina.

Ba a yi sati biyu ba aka ce Bature ya zo rangadi, ya sauka a Batsari, kuma yana son ganin tsofaffin makamai. Mai gari ya aiko a kai. Kakana ya sa babbar riga, ya rataya takobi, ni kuma na bi ayarin yara muka tsaya daga gefe. An kwana ana ruwa, safiyar da sanyi.

Abokin ne ya fara zare nasa, yana walƙiya. Bature ya juya shi, ya yi magana, tafinta ya ce ya yaba ƙwarai. Aka zo kan kakana. Ya kama ƙota ya ja, shiru. Ya sake ja har rawaninsa ya karkace. Wani ƙaton saurayi ya riƙe kuben, kakana ya riƙe ƙotar, suka yi ta jan juna kamar masu fitar da saniya daga laka. Mutane suka fara rufe baki. Bature ya yi murmushi, tafinta ya ce, "Ya ce a bar shi, baba, tsatsa ta riga ta cinye."

Tsatsa, a gaban abokinsa. Ni dai na sulale gida na shige bayan rumbu.

Can da hantsi na ji muryar kakana yana kirana. Na fito ina kuka, na faɗi abin da na yi. Ya kanga kuben kusa da murhu na ɗan lokaci, ya ja a hankali, takobin ya fito sumul, kaki na ɗiga, babu ko ɗigon tsatsa. Sai ya fashe da dariya har da tari. Ashe bayan na gudu, Baturen ya ce yana son na abokin ya tafi da shi ƙasarsu don tunawa, kuma a wancan zamani wa zai ce a'a.

"Amaryata," in ji kakana, "kin kunyata ni, kin kuma cece ni. Amma baɗi siriri za ki shafa."

Kakata tana tankaɗe, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Ai ina kallonta lokacin da take zubawa."

Da yamma ya ɗauki kan mashi ɗaya ya kai wa abokin, don kada bangon ɗakinsa ya zauna fayau. Ya haɗa masa da curin kaki, abokin ya karɓi mashin ya dawo da kakin.

Yanzu takobin yana hannun ɗan ƙanena a Katsina, cikin kabad mai gilashi, man keken ɗinki yake ɗiga masa, don masu amya sun daina shiga daji kamar da. Jikokin abokin sukan zo gaishe ni, su tambaye ni ko na san inda nasu yake. Nakan ce ban sani ba, yana can wata ƙasa mai yawan ruwan sama, kuma ban jin an gaya wa mutanen can man shanu ya saba sha.