Ranar da akuya ta yi wa dattijo shari'a

"Madam, ni dattijon ikilisiya ne. Ɗebi jinina ki sa mata kawai!"

Wani manomin citta ne daga Kwoi yake yi mini wannan ihun, a ɗakin gwajin jini inda nake aiki a Kafanchan, cikin shekarun casa'in. Matarsa ta zubar da jini sosai wajen haihuwa, shi kuma ya ƙi a gwada nasa a ga ko akwai cuta kafin a ƙara mata.

Raina ya ɓaci matuƙa, amma na ɗauko 'yar kwalba daga firji. Na ce, "Baba, daga jinin akuya aka haɗa wannan ruwan. In jikinka ya taɓa yaƙi da cutar da muke nema, zai kama sojojin cikin jininka da suka yi yaƙin, launi ya canja."

Ya riƙe baki. "Akuya ce za ta yi mini shari'a?"

"Ita dai ba ta san dattijo ba, ba ta san fasto ba."

Ya miƙo hannu na ɗebi na gwaji, ya zauna yana gunaguni har sakamako ya fito lafiya. Aka ƙara wa matar jininsa, ta tashi.

Har yau haushi nake ji in na ga mai tunanin muƙami yana wanke jini. Kun taɓa gamuwa da irinsu?