Tukunyar Adda

A shekarar fara, wadda masu lissafin Turawa ke ajiyewa wajen 1930, Tasalla ta fara ganin Adda. Lokacin Tasalla yarinya ce ɗanya a Roni, tana auren wani manomi, Muhammadu Lawal. Mahaifiyarta ta rasu tun tana ƙarama, uwar miji ma babu, saboda haka da ta haifi ɗanta na fari ba ta da gidan da za ta je wanka. Mutanen lokacin kuwa sun yi imani mai jego sai ruwan zafi safe da yamma har arba'in, in ba haka ba sanyi ya shige ta, jiki ya kumbura. Maƙwabta suka ɗan taɓa, sannan kowa ya koma neman abin da fara ta rage.

Adda Bafulatana ce. Rugarsu ta sauka a gonar Muhammadu Lawal don shanu su zuba taki. Ta shigo tallan nono da 'yarta Ma'u a goye, ta tarar da mai jego a tsugune tana hura wuta ƙarƙashin tukunyar miya, wai ruwan wanka take dafawa. Ta tambaya ina uwarta, aka gaya mata. Ta juya ta fita. Da la'asar sai ga ta da wata ƙatuwar tukunya a ka, wadda ta musanya da man shanunta a wurin masu ginin tukwane.

Tun daga ranar Tasalla ta san abin da ake kira uwa. Adda ce mai faskare, ita ce mai karyo ganyen tsamiya, ita ke tsoma shi a tafasasshen ruwa tana fyaɗa mata a jiki. In Tasalla ta yi ƙara, Adda ta ce ashe matan gari ragwaye ne, ɗan maraƙinta ma ya fi ta jimiri. Ta dama kunun kanwa, ta tsaya a kanta sai ta ga gindin ƙwarya. Da damina ta kawo kai, shanu suka yi arewa. Tukunya ba ta bin shanu, Adda ta ce a ajiye mata, ta tafi. Ba ta sake saukowa Roni ba.

Abin da ke ba mutum mamaki, ranar suna kowa jariri yake kallo, a yabi rago, a yabi uba. Wadda hayaƙi ya cinye wa ido ba mai tunawa da ita. Tasalla dai ta tuna. Ta haifi wasu 'ya'yan, ta yi wa matan unguwa wanka ba iyaka, har ta zama ita ake kira, amma ko ta ara wa mutum tukunyar nan sai ta bi shi da gargaɗi, ta ce ajiya ce.

Shekaru suka tura, har ɗan nata na fari ya soma gemu. Ran nan a kasuwar Roni wata mai nono ta ba ta labari biyu a haɗe: Adda ta rasu bara, Ma'u kuma tana aure a wata ruga kusa da Kanya Babba, da tsohon ciki, na fari, ba uwa ba goggo a kusa.

Tasalla ta dawo gida kamar wadda aka yi wa bushara. Ta shiga tara itace, ba kara ba, itacen kirki mai riƙe wuta, domin ta ji an ce can arewa itace wuya yake. Muhammadu Lawal ya tambaya ko gasa za ta yi da masu gawayi. Ta ce, "Malam, ka dai nemo jakuna, kai ne ɗan rakiya."

Suka kama hanya, jakuna da itace da kanwa da gero. Tukunya kuwa ta ƙi yarda a ɗora wa jaki, a kanta ta ɗauka. Jaki ya yi tuntuɓe, ita ce mai salati. Shanu suka gifta, ta koma gefe ta rungume tukunya kamar jariri. Mijin yana dariya yana cewa shi ko ranar aurensu ba a riƙe shi haka ba. Ita fargabarta ɗaya, kada su iske an haihu an fara wankan da ruwan ɗumi.

Suka isa rugar da hantsi, suka ji guɗa tun daga nesa. Da asubar ranar Ma'u ta sauka, mace. Surukinta, wani dattijo mai suna Hamma, ya tare su a bakin shinge. Ya dubi itace, ya dubi baƙuwar Bahaushiya, ya tambaya cikin ladabi ko wa suke nema, don su ba su saba barin baƙo kan mai jego ba.

"Baffa, Adda ce ta aiko ni."

"Adda ai ta rasu, baiwar Allah."

"Na sani, Baffa. Tun kafin ta rasu ta aiko ni."

Hamma ya matsa gefe.

Kafin azahar wuta ta kama, tukunya na tafasa, Ma'u na ƙara, Tasalla na cewa ashe matan ruga ragwaye ne. Matan rugar suka yi ta dariya. Muhammadu Lawal ya koma Roni da jakunansa, ita ta zauna. Ma'u ta soma kiranta Inna ba wanda ya koya mata. Ta sha tambayarta inda ta san mahaifiyarta, Tasalla ta ce a wajen nono, ta miƙa mata kunu.

Ranar arba'in Ma'u ta fito fes, jaririya ta yi ɓulɓul. Washegari Tasalla ta ɗaure ƙunshinta ta bi ayarin masu zuwa Kazaure. Ta yi ɗan nisa sai ga Ma'u da gudu, jaririya a goye, tana cewa Inna ta manta tukunyarta.

Tasalla ta juyo, ta gyara mata ɗankwali.

"Ba tawa ba ce, 'yata. Ta uwarki ce, ajiya ta ba ni. Ki adana wa wannan ta bayanki."