Jan tawul a bakin teku

Tuƙi a Alƙahira wahala ne, amma ban taɓa yin aikin da ya ci min rai irin tsayuwa wuri ɗaya riƙe da tawul ba.

Shekarun baya can ina tuƙa wani injiniya Bamisire a unguwar Ma'adi. Mutumin kirki ne, sai dai ya kwaso wata ɗabi'a a ƙasar waje: hawa igiyar ruwan teku a kan wani dogon allo mai kama da ƙyauren ƙofa. Da zafi, lokacin da kowa ke tafiya bakin teku, shi ba ya zuwa, wai ruwan a kwance yake kamar na randa. Sai sanyi ya shigo, an yi guguwar da suke kira nawwa, sannan zai ce, "Yalla ya usta," wato taso direba, "ɗaure allon a kan mota." Mu kama hanyar Iskandariyya, mu wuce ta yamma.

Wurin yashi ne zalla, ba dutse ba bishiya. Gidajen hutu ne jere a baya, duk farare, duk iri ɗaya, duk a rufe. Maigida ya ce min a ƙarƙashin ruwan akwai tudun yashi, a kansa igiya ke tashi ta karye, nan yake son zama. Gefen tudun kuma akwai kwari, ta nan ruwan da ya zubo gaɓa ke komawa ciki da gudu. Kowace guguwa sai ta matsar da tudun. Shi ya sa in mun iso yakan daɗe yana kallon ruwa, sannan ya kama kafaɗata ya dasa ni saitin tudun, ya miƙo min jan tawul. In ruwa ya ja shi gefe, sai ya waiwayo ya nemi ja, ya dawo saitina.

"Komai ka gani kada ka motsa," in ji shi. "In ka motsa na ɓace."

Ni da ko kogin garinmu ban taɓa shiga ya wuce min gwiwa ba, ga ni na zama turken mai wasa da teku.

Ran da abin ya faru, nawwa ta lafa ke nan. Sama toka, ruwa toka. Mai gadin gidajen, wani dattijo, ya leƙo ya ce, "Ya Hajj, gaya wa bashanka yau ba ranar shiga ba ce. Ka ga can?" Ya nuna hagu da mu, inda ruwan ya yi baƙi ya yi luf, ba kumfa, kamar an shimfiɗa tabarma tsakanin igiyoyi. Na gaya wa maigida. Ya ce ya gani, shi ya sa ma ya dasa ni nesa da wurin.

Ya shiga, ya yi 'yan hawansa lafiya. Can ya zauna kan allon ya waiwayo gaɓa yadda ya saba. Amma ba ni yake kallo ba. Hagu da ni yake kallo. Har ya ɗaga hannu, irin yadda yake min in ya gan ni.

Na juya. Yashi ne har ƙarshen gani. Ko kare babu.

Ya kwanta kan allon ya matsa hagu. Ya tsaya, ya duba gaɓa, ya ƙara matsawa, kamar mai bin wani da ke tafiya a hankali. Na kaɗa tawul, na yi ta kira, iska tana mayar min da muryata. Ina gani ya shiga baƙin ruwan nan. Ruwan ya ɗauke shi ciki shiru, har ya zama ɗigo, har ɗigon ya ɓace.

Mai gadi ya fito ya duba, ya ce bari ya nemo masunta, ya tafi. Ƙafata ta so ta bi shi. Amma in mutumin nan yana da rai, ja zai nema. Na ɗaga tawul sama da kaina na tsaya.

A nan ne iskar da ke dukan kunnena na hagu tun safe ta ɗauke. Tawul yana ta kaɗawa, rigata tana kaɗawa, kunnen nan kaɗai ya ji ɗumi, kamar wani ya zo ya tsaya a gefena ya tare min ita. Ban juya ba. Na kama Ayatul Kursiyyu, in na kai ƙarshe in koma farko. La'asar ta same ni a haka.

Ta dama maigida ya fito, da rarrafe, ba allo. Ya zube a gabana yana aman ruwa. Da ya samu numfashi ya ce, "Me ya sa ka yi tafiya?"

"Ya Basha, dubi ƙafata."

Yashi ya binne ta har idon sawu. Hagu da ni kuwa babu sawun kowa.

Ya daɗe yana kallon wurin. Sannan ya ce, "Na gan ka kana tafiya, kana yafito ni da tawul. Da ruwan ya sake ni can ciki na waiwayo, ja biyu na gani. Ɗaya yana ta tafiya, ɗaya a tsaye." Ya share bakinsa. "Na zaɓi na tsaye."

Har muka shigo Alƙahira ba wanda ya kunna rediyo.

Abokina ɗan Damagaram da muke ɗaki ɗaya, mai karatun addini, ya ce in ruwa yana jan mutum sai ya ga kamar gaɓa ce ke tafiya, ga tsoro ga gishiri a ido. Wataƙila. Shi ya yi karatu, ni ban yi ba. Amma ni ba a cikin ruwa nake ba, kuma kunnena nawa ne. Har yau in ina tsaye a layin salla iska ta ɗauke ta gefe ɗaya, sai na duba ko da mutum.

Washegari da safe na je wajen mai walda a bayan tashar jirgin ƙasa, na sa ya yanko min dogon bututun ƙarfe ya fiƙe gindinsa. Na ɗaure tawul a kai, na jefa a but ɗin mota. Maigida ya fito ya tambayi mene ne. Na ce, "Sabon ma'aikacinka ne. Ni ina mota. In ka ga shi ma yana tafiya, kada ka gaya min."