Yaron da Inna Take Yi wa Sadaka

Shekarar da na ci jarrabawar satifika, mushe, wato malamin da ke koyar da mu a lakwal, makarantar boko ta Maradi, ya tsayar da ni bayan an tashi, ya miƙo mini wani littafin Faransanci da bangonsa ya soma rabuwa. Ya ce sunana ya fito cikin waɗanda za a kai babbar makaranta a Yamai bayan damina, kuma can ba a wasa. In karanta littafin a hutu, in rubuta yadda labarin ya tafi daki-daki, sannan in ɗauki mutanen ciki ɗaya bayan ɗaya in faɗi halin kowa. Na cusa shi cikin riga na kama hanyar garinmu Madarumfa, kaina ya kumbura har ina ganin masu jakuna ba su gaishe ni yadda ya kamata ba.

Labarin wani saurayi ne, ɗan wata mata mai wankin kayan mutane a ƙaramin gari, ubansa ya mutu. Ya sa wa ransa sai ya zama marubuci. Ya tafi babban birni, ya kama ɗaki can ƙarƙashin rufin wani dogon bene, yana rubutu yana kai wa masu buga littattafai suna koro shi. Ban yi nisa ba na gane ni ma abin da nake so ke nan. Kafin wannan littafi ban san mutum zai iya zama ya ƙago mutane a kira shi mai sana'a ba.

Ni ɗan fari ne, kuma Baba ya rasu tun ina ƙarami. A gidanmu zama ɗan fari na nufin Inna ba ta kama sunana, ba ta kallon idona, ba ta tausaya mini a gaban kowa. Ko zazzaɓi ya kayar da ni, ƙanwata take aikowa da kunu. Saboda haka in mun dawo gona da la'asar, ƙanwar tawa nake ba labarin inda na tsaya, don in ji ko ya zauna mini. Inna tana gefe da mazarinta tana kaɗi, ta ba mu baya, kamar ba ta ji.

Ranar da saurayin ya sayar da rigarsa ta sanyi, mazarin ya tsaya.

"Ke," in ji Inna, "tambayi yayanki, yaron ga ya ci wani abu yau?"

Muka yi dariya ni da ƙanwata. Na ce a gaya mata ya ci busasshen burodi da ruwa. Ta yi tsaki ta ci gaba da kaɗinta.

Daga ranar ta shiga labarin da ƙafa biyu. In na yi jinkirin buɗe littafin, sai ta aiko a ji ko yaron ya kwana lafiya. Ta tsani abokinsa mai daɗin baki da ke yabon rubutunsa a gabansa yana zaginsa a bayan ido. Mai gidan hayar kuwa ta ce ba ta da laifi, kowa haƙƙinsa yake nema. Amma wadda ta fi ba ta haushi ita ce uwar yaron. Ni a takardata na riga na rubuta cewa uwar mace ce mai haƙuri, wadda ta danne son ranta don ɗanta ya ci gaba, har ina jin daɗin yadda jimlar ta fito. Inna ta ce, "Wanga ba haƙuri ba ne, sakarci ne. Tana gani ɗanta ya ɗau jaka, ba ta tsaya bakin ƙohwa ba?" Na ji maganar, na sa ta cikin shirmen tsofaffi.

Gero ya fitar da kai lokacin da saurayin ya soma tari. Ya ƙone kujerarsa don ya ji ɗumi. Ana gab da cirar gyaɗa ya mutu shi kaɗai a ɗakin, mai gidan ta kwashe takardunsa ta hura wuta da su. Na karanta wa ƙanwata wurin ina jin daɗin yadda marubucin ya tsara shi. Da na ɗaga kai, sai na ga Inna tana share ido da bakin zane. Tun da nake ban taɓa ganin hawayenta ba, ko ranar da na faɗo daga kan tsamiya na karye.

"Tambaye shi," ta ce, "karatun da za a kai shi yi, irin na yaron ga ne?"

Ƙanwata mai bakin tsiya ba ta jira ni ba. Ta ce ai yaya ya ce shi ma littafi zai riƙa rubutawa.

Nan na ga inda aka dosa, na yi abin da ban taɓa yi ba, na yi wa Inna magana kai tsaye. Na ce, "Inna, ƙage ne fa. Ba a taɓa yin yaron nan a duniya ba. Wani ne ya zauna ya shirya shi."

Ba ta juyo ba. Ta dubi ƙanwata ta ce, "Hwaɗa mishi tatsuniya da baki aka yin ta. Wa za ya zamna shi cika takarda haka da ƙarya? In gaskiya ce, na ji abin da aka yi ma ɗiyan mutane can. In ko ƙarya ce, to ƙarya za a kai shi koyo." A wurin Inna rubutu abin allo ne, abin da malam ke wankewa a sha. Abin da aka rubuta ba ya ƙarya. Na yi ta bayani har bakina ya bushe, ita tana naɗe zarenta.

Ana saura ƴan kwanaki babbar motar kamiyo da za ta kwashe mu zuwa Yamai ta tashi daga Maradi, ta aiko ƙanwata ta ce kawuna da ke hayin iyaka wajen Jibiya yana kwance ba lafiya, gyaɗarsa za ta lalace a ƙasa, in je in kama masa kwana biyu. Na tafi. Na tarar da kawu a gona yana cira, ya fi ni ƙarfi. Ya ce, "Uwarka ta ce ka zamna nan sai an gama sussuka." Wata safiya na sulale na kama hanya, ƴaƴansa suka cim mini kafin in kai rafi, suka maido ni ɗaya ta dama ɗaya ta hagu, suna ba ni haƙuri. Da dogarin sarki ya je gidanmu nemana, Inna ta ce na gudu hayin iyaka, ƙasar Ingilishi, ba ta san inda nake ba. Aka ba wani yaro gurbina.

Da na dawo na tafi Maradi da littafin da aikin da na yi. Mushe ya karɓi littafinsa, ya duba ko shafukan sun cika. Takarduna ko taɓa su bai yi ba. Ya ce dama mutanenmu haka muke, a ɗauke mu daga gona mu ruga mu koma. Na tsaya ina so in ce ba ni na gudu ba, amma faɗin haka tona asirin uwata ne. Na naɗe takarduna na fito.

Na yi noma, na yi awon gyaɗa a sikelin wani ɗan kasuwa, na yi aure. Rubutun da nake yi yanzu da furfura na soma shi, da Faransancin ɗan firamare da ya yi tsatsa. Har yau raina yana ɓaci in na tuna. Da don gona ta riƙe ni, don ba ta da mai yi mata huɗa, da na fi saurin yafewa. Amma don wani Bature da ko haihuwarsa ba a yi ba ta rufe mini hanya.

Kuma ba ta manta da shi ba. Duk shekara in sanyi ya shigo, sai ta soya ƙosai ranar Juma'a ta raba wa yaran unguwa, ta ce sadakar yaron nan mai tari ce, Allah ya kai haske kabarinsa. Ni nake sayo mata man.

A ciwonta na ƙarshe ina zaune bakin ƙofar ɗakinta, ɗiyata tana yi mata fifita. Na ji ta ce, "Ke, tambayi babanki, uwar yaron nan ta samu ta ga kabari nai?"

Na ce a gaya mata ba ta samu ba. Haka yake a littafin. Ta yi masa kuka mai yawa, tana kiransa ɗan marayan Allah, tana cewa da ɗanta ne da ba ta bari ba. Ni kuwa ga ni zaune da raina da lafiyata, yadda ta so. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa aiko kowa ya tambaye ni yadda na kwana da abin da ta yi mini ba.