Littafin da Inna Ta Ƙi Yagawa

Ranar wata Lahadi ce a tsakiyar damina, ƙarfe uku da kwata na yamma. Mu uku ne a tsakar gidanmu da ke Sabo, unguwar Hausawa a ƙasar Yarbawa: Inna tana murza gyaɗa a faifai, ƙanwata tana latsa waya, ni kuma ina gyara labaran da zan karanta a rediyo washegari. Sai Iya ta shigo ba sallama. Wata bakwai ke nan rabonta da gidan.

Ta rame har wuyanta ya yi tsawo, kanta ba ɗankwali. Ta ajiye wani littafi marar bango a kan tabarma, a hankali, ta ce, "Alaja, kin gama da ni."

Inna ta ce, "Sannu da zuwa. A ba ta kujera."

Iya Bayarabiya ce, Kirista, tana da teburin kayan ƙwalama kusa da shataletalen Mokola. Inna ba ta fita. A gida take soya gyaɗa da gugguru, ta naɗe a takarda, Iya ta zo ta ɗauka kowace safiya. Sun shekara talatin a haka. Iya na ce mata Alaja, wato Hajiya, tun ba ta je Makka ba, ita kuma tana ce mata Iya tun ba ta haihu ba. Hausar Iya ta kasuwa ce, Yarbancin Inna na tsakar gida ne, amma ban taɓa ganin sun nemi tafinta ba.

Shekara biyu kafin wannan Lahadin Iya ta bar cocin da ta tashi a cikinsa, ta koma wata ƙungiya mai taruwa a rumfar kwano a hanyar Akinyele. Shugaban ana ce masa Dadi, wato Baba, har tsofaffin da suka haifi sa'anninsa haka suke kiransa. Matan suna ɗaura shuɗin ɗankwali. Wanda ya makara da gwiwa yake shiga. Ana azumin kwana uku a jere, mai rashin lafiya kuma bulala ake yi masa don a kori abin da ke jikinsa. Ba wanda ke karanta takarda sai Dadi ya ɗora mata hannu. Ya raba Iya da 'yarta da ke Legas, saboda 'yar ta tambayi me ya sa uwarta ke ramewa. Daga ƙarshe ya ce an nuna masa wata mace a Sabo tana zaune a kan arzikin Iya. Iya ta aiko a daina soya mata.

Inna ta ce to. Amma sai da ta yi mako biyu tana soya yawan da ta saba, tana kallon ƙofa. Mu muka cinye.

Yanzu batun takarda. Akwai wani mutum a Mokola da ke sayar da tsofaffin littattafai a kilo, bayan ya ɓalle bangonsu. Daga wurinsa ake kawo wa Inna takardun naɗi. Dokarta ɗaya ce: takardar da ke da sunan Allah ba a naɗa abinci a cikinta, domin ƙarshenta kwata ce. Ba ruwanta da harshe, Larabci ne, Turanci ne ko Yarbanci. Irin waɗannan shafuka akan tara su a gwangwani, a ƙona a wuri mai tsabta, a binne tokar. Inna ba ta karanta boko, saboda haka aikin dubawa nawa ne duk Asabar. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana, sai ta ce Mai labarai.

Gara in faɗi yadda nake aikin. Ba karatu nake yi ba. Ido ne ke gudu a kan shafi yana neman kalma uku ko huɗu. Nakan gama littafi cikin minti ashirin ban san ko na girki ne ko na yaƙi ba.

Wata Asabar aka kawo uku masu kauri. Na farko yana da hotuna, shi ya sa na tsaya. Na sararin samaniya ne, yana bayanin yadda duniya ta faro da inda taurari ke zuwa in sun ƙare.

Inna ta ce, "Me ya ce?"

"Ya ce hasken tauraron da muke gani ya daɗe da tasowa. Ta yiwu tauraron ma ya mutu, hasken ne ke isowa sai yanzu."

"Kamar katin gaisuwar gidan rediyonku. Kawunku ya yi wata biyu a ƙasa kuka gaishe shi, har da fatan ya wuni lafiya."

Ƙanwata ta yi dariya. Ni ne kuwa na karanta katin.

Na ce akwai wani rami a sama da ke haɗiye duk abin da ya matso, ko haske ba ya fita. Inna ta ce ta san shi, aljihun dillalin gyaɗarta ne na kasuwar Shasha. Sannan ta tambayi sau nawa aka ambaci Allah. Na ce shafi huɗu.

"Mutum ya cika littafi da labarin sammai, ya tuna Mai su sau huɗu? Cire huɗun. Sauran a ajiye, shafinsa babba ne, zai yi wa gugguru."

Na biyu ƙagaggen labari ne, da taswirar ƙasar da babu ita a shafin farko. Ƙanwata ta san irinsu. Ta ce akwai macizai masu fukafukai da ke aman wuta, da wata sarauniya da aka ƙwace wa gari, da alloli goma sha biyu da marubucin ya ƙirƙira, biyu daga ciki suna shari'a a kan gado.

Inna ta ce, "Alloli masu rigimar gado? Naɗe su. Har yaji a zuba."

Ƙanwata ta ɓoye babi uku na ƙarshe a jakarta. Sauran sun bazu a unguwa. Wata amarya a bayan layinmu ta riƙa aikowa a ba ta gyaɗa bisa jerin shafi.

Na uku ba hoto, ba taswira, rubutu ne cunkus, ni kuma lokacin tafiya aiki ya matso. Na buɗe shafin farko, ga sunan Allah. Na biyu, haka. Na tsallaka tsakiya, sau biyar a shafi ɗaya, ga Annabi Isa, ga coci. Na rufe na ce, "Wannan ba ya yaguwa, Inna. Kowane shafi akwai. Littafin addinin Kirista ne."

Ta goge hannu a zani kafin ta karɓa. Ta ce shafi ɗaya ko biyu takan ƙona, amma littafin addinin mutane sukutum ba huruminta ba ne, a mayar wa masu shi. Kiristoci sun cika Mokola, wasu ma abokan aikina ne. Inna ba ta tambayi ko ɗaya ba. Ta naɗe shi a sabon farin ƙyalle, ta turara shi, ta haɗa da ƙullin gyaɗa, ta ce ƙanwata ta kai wa Iya.

Ƙanwata ta dawo da gyaɗar. Ta ce Iya ta karɓi littafin da hannu biyu, ta yi hawaye, ta ce zuciyar Alaja ta fara juyowa.

Inna ta ce, "Juyowa ina?"

Bayan kwana takwas ne Iya ta shigo mana ba ɗankwali. Ta ƙi zama a kujerar, a tsaye ta ba da labarin, rabi da Hausa rabi da Yarbanci.

Ba ta buɗe littafin ba, tun da Dadi bai ɗora masa hannu ba. Ta jira lokacin ba da shaida, ta fita gaban jama'a da gwiwa, ta ce matar nan ta Sabo ta aiko mata da littafin maganar Allah a cikin farin ƙyalle. Rumfa ta ɗauki tafi. Dadi ya ce ba sabon abu ba ne a wurinsa, tun makon jiya aka nuna masa wannan ƙyallen. Al'adarsa ce ya buɗe littafi a tsakiya, inda yatsansa ya sauka nan ne saƙon ranar. Yana karantawa da Turanci, tafintansa na tsaye a kafaɗarsa yana juyawa zuwa Yarbanci da ƙarfi.

Ya karanta cewa akwai shugaban da ke sa mabiyansa su ɗauke shi uba fiye da ubansu. Jama'a suka ce amin. Ya karanta cewa shi kaɗai ake nuna wa abubuwa. Suka ce amin. Ya karanta cewa yakan raba mutum da danginsa da tsofaffin aminansa. Amin ɗin ya ragu. Ya karanta cewa yakan ɗora wa mutane azumin da shi ba ya yi. A nan ya yi shiru.

Tafintan bai yi ba. Wannan na fahimce shi, sana'ata ce: in baki ya kama jimla a gaban makirfo, sai ya kai ta ƙarshe kafin kai ya tambayi me ake faɗi. Yana leƙen shafin, ya sanar da jama'a da babbar murya cewa duk wanda ya tsinci kansa a irin wannan wuri ya tashi ya fita, kada ya tsaya neman izini. Wata tsohuwa mai nauyin kunne ta ce amin ita kaɗai.

Iya ta ce, "Dadi ya ce makami ne daga Sabo, ni ce na ɗauko. Suka cire mini ɗankwali. Ya hana kowa gaishe ni. Ya jefar da littafin a ƙasa."

Inna ta ce, "Ya aka yi ya dawo hannunki?"

"Sunan Allah ne a ciki, Alaja. In bar shi a ƙasa?"

Inna ta gyaɗa kai. Sannan ta juyo gare ni. "Mai labarai, ka ce ka duba."

"Na duba, Inna."

Ƙanwata ta ce, "Yaya ya duba, bai karanta ba. Haka yake yi wa labaran ma."

Aka sa ni karantawa nan take. Littafin na wasu Kiristoci ne da suka fito daga irin waɗannan ƙungiyoyi, suka rubuta don gargaɗin 'yan'uwansu. Ina fassarawa da muryar da nake karanta labaran duniya, Iya tana katse ni. Ta ce ba duka ne gaskiya ba, Dadi bai taɓa karɓe wa kowa fasfo ba. Ƙanwata ta tambaya ko akwai mai fasfo a cikinsu. Iya ta ce yarinyar nan tun tana goye bakinta bai da linzami. Da na kai wurin da ake maganar raba uwa da 'ya, ba ta katse ni ba. Ta zauna a kujerar.

Can ta ce, "Dadi ya ce cikin kwana bakwai ƙafafuna za su kumbura, teburina ya bushe." Da gaske take jin tsoro, kuma ba wanda ya yi dariya.

Inna ta ce, "Teburinki ya bushe tun ranar da kika daina ɗaukar gyaɗata. Yaushe rabonki da abinci?"

"Jumma'a. Azumi nake."

"Na wa? Ai an kore ki."

"Ke kika sa aka kore ni."

"Ni girmamawa na yi nufi. Har turare na sa."

"Kin girmama ni har waje."

Inna ta tura faifan da ƙafa, kaɗan, kamar tana gyara zama. Iya ta ci gaba da faɗa: wanda ya ɓalle bango ya ci amana, ɗan da aka kashe wa kuɗin makaranta bai iya karatu ba, Alaja kuma tun suna 'yan mata take da shisshigi. Tana faɗa hannunta na zuwa faifai. Ta kai loma ta shida kafin ta lura. Ta dubi hannun, ta dubi Inna, ta ce gishirin ya yi yawa.

Inna ta ce, "Bakinki ne ya manta." Ta ce ƙanwata ta ɗumama tuwo, ta ɗauko ɗankwali a akwati, ba shuɗi ba.

Iya ta yi kwana bakwai tana auna ƙafafunta da zare kowace safiya. A rana ta takwas ta zo da daronta, ta ɗauki gugguru naɗe a babin taurarin da suka mutu. Sai bayan wata huɗu ta kira 'yarta, bayan Kirsimeti kuma ta koma tsohon cocinta. Inna ta sa doka in riƙa karanta kowane littafi daga farko zuwa ƙarshe kafin a yaga. Tafintan ya zo teburin Iya ya ari littafin, har yau bai dawo da shi ba.